Mota ta daɗe a ajiye, batir ya sauka: yadda za a ciro shi a yi masa caji

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi tafiya ta wata ɗaya da rabi, na bar motata Corolla ƙirar 2008 a gida babu mai tayar da ita. Da na dawo na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas kawai take yi, fitilun dashbod suna dusashewa. Maƙwabcina ya ara mini cajar batir, amma inda motar take babu soket, dole sai na ciro batirin. Ban taɓa yi ba. Yaya zan yi? Kuma batirin zai dawo, ko sai na sayi sabo?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, barka da dawowa. Cire batir ba aiki ne mai wuya ba, da sifana ɗaya za ka gama shi cikin minti goma. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka bar shi ya ƙara kwana a yadda yake, kuma ka daina murɗa makullin. Wannan ƙas-ƙas da kake ji, sitata ce take ƙoƙarin kamawa, wutar ba ta isa, ta saki, ta sake kamawa. Duk murɗawa ɗaya ɗan abin da ya rage a batirin kake ƙarasa tatsewa.

Ga dalilin da ya sa nake cewa a yi sauri. A cikin batirin akwai ɗakuna shida, kowanne da faifan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Kowane ɗaki yana ba da wajen bolt 2.1, shi ya sa cikakken batir yake nuna 12.6 duk da an rubuta 12V a jikinsa. Lokacin da batir yake sauka, asid ɗin yana barin ruwan yana komawa jikin faifan, ya zama wani farin gishiri. In an yi caji da wuri, gishirin narkewa yake ya koma cikin ruwa, batir ya dawo yadda yake. In kuwa an bar shi makonni a sauke, gishirin sai ya daskare ya yi tauri kamar ƙanzo a gindin tukunya, kuma duk wurin da ya kama a jikin faifan ya tashi daga aiki ke nan. Yawancin baturan da ake kawo mini a ce sun mutu, ba saukar ce ta kashe su ba, zaman da suka yi a sauke ne.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne naka yana da dalilin sauka bayyananne. Mota ko a kashe take tana ɗan shan wuta: agogo, rediyo, ƙwaƙwalwar injin (wato kwamfutar da ke sarrafa shi), na'urar kulle ƙofofi, in an saka mata ƙararrawar ɓarayi ko na'urar bin sawu sai abin ya ƙaru. A lafiyayyar mota wannan shan bai kamata ya wuce miliyamf 50 ba (amf shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana, miliyamf dubu ne amf ɗaya). Mu ɗauka taka tana shan 40. A yini ɗaya kusan amf-awa ɗaya ke nan, a kwana 45 ya haura 40, alhali batirin irin motarka bai wuce 45 zuwa 60 ba gaba ɗayansa. Ga kuma zafin ƙasarmu da ke sa batir ya riƙa sauka da kansa ko ba a haɗa shi da komai ba. Saboda haka ko sabon batir ne zai iya yi maka haka. In bai wuce shekara biyu ba, ina kyautata zaton zai dawo.

Kafin ka taɓa komai, cire zobe da agogon ƙarfe. Wannan ba ƙa'idar cika baki ba ce. Bolt 12 ba ya jan mutum, kana iya dafa kawunan biyu da hannu ba ka ji komai ba, amma batirin mota yana iya tura amf ɗaruruwa cikin ƙiftawar ido ta duk ƙarfen da ya haɗa kawunansa. Na taɓa ganin yaron shago da zoben azurfa ya shiga tsakanin sifana da jikin mota, zoben ya yi ja nan take, kuma tabon ya zagaye yatsan har yau. In kana sanye da babbar riga ka tuɓe ta, ka sa tsohuwar tufa, domin ɗigon asid ɗaya yana huda yadi, sai an wanke za ka ga ramin. Ka sa safar hannu da tabarau in kana da su. Babu sigari, babu ashana, babu fitilar kwai a kusa. In dare ne yi amfani da tocila.

Kashe komai, ka zare makulli ka sa a aljihunka. Kada ka bar shi a cikin motar, domin wasu motocin da zarar wuta ta dawo sukan kulle ƙofofinsu da kansu. Ka ɗauki hoton batirin da wayarka yadda yake zaune, ka ga wane kai ne ke wane ɓangare. Rediyon wasu motocin, musamman tsofaffin Honda, yakan nemi lambar sirri bayan an yanke masa wuta. Don haka wanda zai cire batir ya fara duba littafin motar.

Yanzu ga wurin da nake so ka nutsu. Batir yana da kai biyu, mai alamar (+) da mai alamar (−). Na (+) yawanci da jar hula ko jar waya, na (−) baƙi, shi ne masu gyara ke kira at. Amma kada ka dogara da launi, domin motocin da suka sha hannu sau da yawa an sauya musu wayoyi. Duba alamar da ke jikin batirin kansa. In ta goge, kan (+) ya fi na (−) ɗan kauri, kuma in ka bi wayar (−) da ido za ka ga gajera ce, a jikin motar ko a injin aka ɗaure ta.

Kan (−), wato baƙin, ake fara cirewa, kullum. Dalili kuwa, duk ƙarfen motar, daga injin har bodi, a haɗe yake da kan (−). In ka fara da jan, sifanarka tana kan (+), da wutsiyarta ta taɓa kowane ƙarfe a motar ka haɗa kawunan biyu ke nan: tartsatsi, sifana ta manne ta yi zafi, fiyus ya ƙone, wani lokaci batirin ya fashe. Amma in sifanar tana kan (−) ta taɓa bodi, babu abin da zai faru, domin da ma abu ɗaya ne. Da zarar ka cire baƙin, jikin motar ya rabu da batirin, sai ka kwance jan hankali kwance. Wanda ya fahimci wannan dalilin ba ya bukatar haddace komai. Kuma kada ka ce ai batirin a sauke yake. Batirin da ya kasa juya injin yana da sauran ƙarfin da zai ƙona waya.

Notin kan batirin Corolla sifana lamba 10 ce ke kama shi. Ba sai ka zare notin gaba ɗaya ba, sassauta shi kawai, ka riƙa juya kan wayar hagu da dama kana ja sama. In ya ƙi fita, sa bakin sukudireba a tsagar ka ɗan buɗa ta. Kada ka doke shi da guduma, kada kuma ka danna sukudireba a kan murfin batirin ka yi ɓamɓara. Kan batirin sandar dalma ce mai laushi, in ta girgiza daga ciki asid zai riƙa tsattsafowa ta gindinta, shi ne mafarin wannan farin garin da ke cin waya. In baƙin ya fita, tura shi gefe ka naɗe shi da tsumma don kada ya dawo ya taɓa inda ya fito. Sannan ka cire jan. Daga nan sai ƙarfen da ya danne batirin ta sama, mai dogayen sanduna masu lanƙwasa a ƙasa. Ka lura da inda ƙugiyar take maƙale, domin wajen mayarwa nan ne mutane ke shan wahala. Kada ka ɗora sifana a kan batirin ko na daƙiƙa ɗaya.

Ɗaga shi a miƙe, hannu biyu, kada ka karkata shi kuma kada ka rungume shi a ƙirji. Yana da nauyi, kilo 12 zuwa 18 gwargwadon girmansa.

Da ya sauka ƙasa, dube shi da kyau kafin ka kai shi kusa da caja. In gefensa ya kumbura, ko akwai tsaga, ko yana yoyo, magana ta ƙare, ba a yi wa irin wannan caji. In lafiya yake, wanke samansa da kawunansa. Farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa, har wani lokaci shi kaɗai ne ke sa mota ta ƙi tashi. Abin wanke shi yana cikin kicin ɗin gidanka: jiƙa kanwa a ruwan ɗumi, ka goge da tsohon burushin haƙori. Za ka ga yana kumfa, kanwar ce ke kashe asid ɗin. Sai dai ka tabbata murafen ɗakunan a rufe suke, domin in ruwan kanwa ya shiga ciki zai kashe asid ɗin da kake bukata. Ɗauraye da ruwa kaɗan, ka tsane da tsumma, ka goge kawunan da samfefa har su yi haske. Haka za ka yi wa cikin kawunan wayoyin da ke jikin motar.

Batura iri biyu ne a kasuwa. Akwai rufaffe wanda ba a buɗewa, wani da ɗan ido a sama mai nuna kore ko baƙi. Wannan kada ka yi ƙoƙarin ɓalle shi, kuma kada ka yarda da idon sosai, ɗaki ɗaya kawai yake gani cikin shida. Akwai kuma mai murafe shida da ake kwancewa. In naka irin wannan ne, buɗe ka leƙa da tocila. Ruwan ya kamata ya rufe faifan a kowane ɗaki. In ka ga faifai a waje, ƙara ruwa daidai yadda zai rufe su kawai, kada ka cika, domin ruwan yana tasowa lokacin caji. Sai an gama ake cikawa zuwa layin sama.

A nan ne kalmar "ruwan batir" take jefa mutane cikin asara, domin abu biyu muke kira da sunan. Akwai asid, akwai kuma tsantsar ruwan da aka dafa aka tara tururinsa, wanda babu gishirin komai a cikinsa. Na biyun ake ƙarawa. Abin da ke raguwa a batir ruwa ne, zafi da caji ke fitar da shi, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. A batirin da ya sauka ma, asid ɗin yana maƙale a jikin faifai, caji ne zai dawo da shi. In ka ƙara wani a kai, ranar da batirin ya cika ruwan zai yi kaifin da zai riƙa cin faifan. Haka ma abin da wasu ke yi na zubar da ruwan batir gaba ɗaya su ɗura sabon asid su ce sun wanke shi. Motar za ta tashi kwana biyu, mai ita ya yi murna, bayan 'yan makonni batirin ya tafi gaba ɗaya. In ka je saye, ka ce na ƙari kake so, ba asid ba, kuma ka karanta jikin robar. Ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse da fiya wata duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata faifai a hankali. In asid ya taɓa fatarka, wanke da ruwa mai yawa. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti ba tare da jira ba.

In kana da ƙaramar mitar awon wuta, auna kafin ka fara. In babu, ina ba ka shawara ka saya, ba ta da tsada kuma ita ce za ta raba ka da yawan zato. Batirin da ya huta yana nuna 12.6 cike yake, 12.4 wajen kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 saura kaɗan. Ƙasa da 11.9 ya sauka. Naka zai iya nuna 11 da wani abu ko ƙasa da haka, wannan bai isa a yanke masa hukunci ba tukuna.

Wurin caji ya zama mai iska: baranda, zaure mai buɗe, ko garejin da ƙofarsa ke buɗe. Ba ɗakin kwana ba, ba kusa da murhu ko tukunyar gas ba, kuma inda yara ba sa kaiwa. Batir in yana caji, musamman dab da cika, yana fitar da iskar haidirojin. Ba ta da launi ba ta da wari, kuma in ta kai wajen kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Shi ya sa tsarin haɗawa yake da muhimmanci: caja tana kashe, filoginta ba ya cikin soket, ka maƙala jan kilif a (+), baƙi a (−), ka tabbata sun kama da kyau, sannan ka kunna daga bango. In za ka cire, kashe daga bango tukuna, ka ɗan jira, sannan ka taɓa kilif. Da haka duk tartsatsin da zai faru a soket zai faru, nesa da bakin batirin. In mai murafe ne, sassauta su ka bar su a kan ramukan. Duba cajar, in tana da zaɓin 6V, 12V da 24V, ta kasance a 12V.

Sai maganar ƙarfin caji, wadda ita ce zuciyar amsar nan. Duba jikin batirin za ka ga lamba da Ah a gabanta, misali 60Ah, wato amf-awa 60. Raba ta goma, abin da ya fito shi ne amf ɗin da ya dace: 6 ga mai 60, 4 zuwa 5 ga mai 45. In cajar ba ta kai haka ba babu laifi, lokaci kawai za ta ƙara ci, kuma batirin da ya daɗe a sauke ya fi son a bi shi a hankali. A wannan ƙarfin, batirin da ya sauka sosai yana bukatar awa 12 zuwa 15, wani lokaci har yini da kwana. Na san akwai maɓallin cajin gaggawa a jikin yawancin cajoji, kuma na san mutum yana son ya hau motarsa yau. Ka bar shi. Cajin gaggawa yana cika fatar faifan ne kawai, cikin bai samu ba, ga zafi da yake haifarwa. Kamar tuwon da aka yi wa wuta da yawa ne, waje ya ƙone ciki gari.

In cajar ta zamani ce mai sarrafa kanta, za ta rage wuta da kanta ta tsaya in ya cika. Matsalarta ɗaya: in batir ya yi ƙasa sosai, wasu ba sa ganinsa, sai su ƙi farawa, mutum ya ɗauka batirin ya mutu. In haka ta faru, kai shi wurin mai tsohuwar caja ya ɗaga shi na awa ɗaya, sannan ka dawo da shi kan taka. In kuwa cajar maƙwabcin naka tsohuwar ce mai allura, kai ne mai tsaron. Allurar za ta fara a sama, ta riƙa sauka yayin da batirin ke cika. Duk bayan awa biyu ka dafa gefensa. Ɗumi kaɗan daidai ne. In ya yi zafin da ba ka iya barin hannunka a kai, ko ruwan yana tafasa da ƙarfi, ko ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kashe daga bango nan take ka bar shi ya huce. Irin wannan cajar ba a kwana a bar ta a kunne. In an ɗauke wuta a tsakiya babu abin da zai lalace, cire kilif ɗin kawai, ka riƙa lissafin awannin da ya samu, in an kawo ka ci gaba.

Tunda wutar ba ta da tabbas, na san tunaninka zai je kan janareta ko inbata. Ka haɗa cajar a soket ɗin janareta kamar yadda za ka haɗa ta a bango, wannan daidai ne. Amma 'yar ƙofar 12V da ke jikin wasu ƙananan janaretoci ba ta san batir ya cika ba, turawa kawai take yi, sai dai a yi amfani da ita na ɗan lokaci ana tsaye a kai. Inbatar gida kuma an saita cajinta ne don manyan batura masu 150Ah ko 200Ah, ya yi wa na mota yawa, kuma da yawansu 24V ko 48V ne. Faifan sola ma kada a haɗa shi kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba. In duk wannan ya yi maka nisa, kai shi shagon masu cajin batir, ka ce a sa maka a ƙaramar wuta ya kwana, gobe ka karɓa. Ka yi wa naka alama, kuma ka ce kada a ƙara masa asid. Kada ka yarda a gwada maka shi ta hanyar haɗa kawunan da waya a ga tartsatsi. A kan batirin da ya sauko daga caji yanzu, wannan shi ne daidai yadda ake fasa batir a fuskar mutum.

Da ka cire shi daga caja kada ka yi saurin aunawa, zai nuna maka 13 da wani abu, wanda ba gaskiyarsa ba ce. Bar shi ya huta awa shida, ko ya kwana, ba a haɗe da komai ba. In da safe ya nuna 12.6 ko 12.5, ka gode wa Allah, batirinka ya dawo. In ya tsaya a 12.2 zuwa 12.3 bayan cikakken caji, ƙanzon nan ya ci wani sashe nasa, zai yi aiki amma ka fara tanadin kuɗin sabo, kuma sanyin hunturu na farko zai iya tona shi. In ya koma wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, shida sun zama biyar, kuma babu cajin da zai gyara wannan.

Wajen mayarwa sai ka juya tsarin. Share mazauninsa, zaunar da shi yadda hoton ya nuna, ka ɗaure ƙarfen da ke danne shi. Kada ka raina wannan ƙarfen. Batirin da ke rawa a kan hanyoyinmu masu ramuka faifansa zubewa suke, kuma ina ganin motoci da yawa da aka ɗaure nasu da igiyar roba ko aka bar shi haka nan. Haɗa jan tukuna, baƙin a ƙarshe. Ɗan ƙaramin tartsatsi lokacin da baƙin ya taɓa ba komai ba ne. Amma ka duba sau biyu kafin ka haɗa, domin juya kawunan ko na daƙiƙa ɗaya yana ƙona babban fiyus da alteneta (na'urar da ke yi wa batir caji in injin yana aiki), wani lokaci har ƙwaƙwalwar motar. Ɗaure har sai kan ya daina juyawa da hannu, kada ka wuce haka. In ya yi sako-sako duk da ka ɗaure, sauya kan wayar, kada a cusa ƙusa a tsakani. Shafa ɗan basilin ko giris a sama bayan ka ɗaure.

In ta tashi, za ka iya ji injin yana ɗan rawa ko silo ɗinsa ya sauka a mintunan farko. Ƙwaƙwalwar ce ta manta saitinta, bar ta ta yi aiki minti goma ba tare da ka kunna komai ba, za ta daidaita bayan ɗan tuƙi. Agogo da tashoshin rediyo sai ka sake saita su.

Saura awo biyu da za su gaya maka ko zaman ne kaɗai ya saukar da batirin. Sa mita a kawunan batirin, wani ya tayar maka da motar: lokacin da sitata ke juyawa, bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Da injin ya kama, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5, ko da ka kunna fitilu da fanka kada ya sauka ƙasa da 13.5 sosai. In ya tsaya a 12 da wani abu, alteneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki. In ya haura 15, tana dafa batirin. Don Allah kada ka bari kowa ya gwada maka alteneta ta hanyar cire kan batir injin yana aiki. A zamanin motocin da ba su da ƙwaƙwalwa an yi haka an tsira. A motarka batirin ne ke shanye hawa da saukar wutar alteneta, in aka cire shi wutar tana iya tsalle ta ƙona kayan da kuɗinsu ya ninka na batir sau da yawa.

Wataƙila wani ya ce maka me ya kai ka wannan wahala, a kawo wata mota a yi maka jam, wato a haɗa batirinta da naka a tayar da taka, ka zaga gari rabin awa ya cika. Jam yana tayar da mota, in kana kan hanya ka maƙale shi ne mafita. Amma alteneta an yi ta ne don ta mayar da ɗan abin da sitata ta ci, ba don ta cika batirin da ya sauka ƙasa ba. Rabin awa zai ba shi abin da zai tashe ka gobe, ya bar shi rabi-rabi, kuma batirin da ke yawo rabi-rabi gishirin nan yana ci gaba da daskarewa a cikinsa. Ga alteneta tana aiki iya ƙarfinta cikin zafi. Don haka ko an yi jam, a ƙarshe dai sai an sa shi a caja.

In ya zama dole ka sayi sabo, tafi da tsohon. A baturan motocin Japan za ka ga rubutu irin 55D23L. Harafin ƙarshe, L ko R, yana nuna ɓangaren da kawunan suke, in ka ɗauko kishiyarsa wayoyinka ba za su kai ba. Ka sa a auna maka shi a gabanka, sabon da ke nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a kan kanta. Tsohon kuma ka bar wa mai shagon a rage maka kuɗi. Kada a ajiye shi a tsakar gida, kada a fasa shi, kada a zubar da ruwansa a kwata. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, mun ga abin da ƙurarta ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka rasu, duk da cewa waccan daga duwatsun zinariya ta fito. Dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan dalmar.

In wata tafiyar ta sake kamawa, ka yi wa batirin cikakken caji ko doguwar tafiya kwana ɗaya kafin ka tashi, sannan ka sassauta notin baƙin kan nan da sifanarka lamba 10, ka cire shi ka naɗe da tsumma, ka kulle ƙofofin da makulli da hannu. Lafiyayyen batir da aka raba da mota yana iya wata biyu ya tayar da ita. In tafiyar za ta wuce haka, a samu wanda zai sa shi a caja sau ɗaya a tsakani, domin tayar da mota minti biyar a tsakar gida a kashe ba ya ƙara masa komai, abin da sitata ta ci ma da ƙyar yake mayarwa. Allah ya tsare hanya.